Yadda Shahararrun Mutane Ke Taimakon Kiwon Lafiya: Darasi Daga Yaƙi Da Shan Inna

Mai karatu, likita na iya shafe shekara yana yi wa jama'a bayanin amfanin rigakafi, amma jarumin fim ko mawaƙi ya faɗi maganar sau ɗaya ta karaɗe gari. Dalili shi ne mutum ya fi amincewa da fuskar da ya sani, ya fi kuma saurin kwaikwayon abin da ya gani da idonsa. Idan aka ɗora wannan farin jini a kan ingantaccen bayani, yana ceton rayuka.

Me ya faru da shan inna?

A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa, har jihar Kano ta dakatar da shi sai tsakiyar 2004. Cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20. A 2006 yara fiye da 1,100 suka kamu a Najeriya.

Bayanin likitoci kaɗai bai isa ya wanke wannan zargi ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa yara maganin da hannunsu a gaban jama'a, hakimai da masu unguwanni suka bi gidajen da suka ƙi. Waɗanda suka kamu suka ragu daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. Daga baya ƙungiyar Rotary ta ɗauki marigayi Ɗan Maraya Jos da jarumi Sani Danja a matsayin jakadun yaƙi da cutar. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ma'aikatan rigakafi ne suka yi aikin, amma sanannun fuskoki ne suka sa aka buɗe musu ƙofa.

Ina ruwan masarautar Gumel?

Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna kusa da iyakar Nijar, kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari tana tara jama'ar ƙasashen biyu duk mako. Inda ake cakuɗuwa haka, ƙyanda, mashaƙo da sanƙarau suna saurin yaɗuwa, jita-jita ma haka.

Yanzu akwai rigakafin HPV kyauta, wanda aka fara a Oktoba 2023 da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin kare su daga sankarar bakin mahaifa. Tsohon zargin nan na hana haihuwa ya sake biyo shi, alhali ba gaskiya ba ne. A nan ne ake buƙatar limami, mai gari, mawaƙi ko mai mabiya a Facebook ya kai 'yarsa a yi mata, jama'a suna gani.

Sai dai ku yi hattara

Shahara ba ilimin likitanci ba ce. Bakin da ya tallata rigakafi zai iya tallata maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir duk a kwalba ɗaya. Kafin ku bi shawarar wani sananne, ku duba:

1. Asibiti yake tura ku, ko wurin mai sayarwa?
2. Maganin yana da lambar NAFDAC?
3. Ma'aikacin lafiyar da ke kusa da ku ya tabbatar da maganar?

Kada ku bar maganin da likita ya ɗora ku a kai saboda wani bidiyo. Idan kuma ku ne jama'a ke saurara, ku tuntuɓi ma'aikatan lafiya kafin ku yi magana, domin wata uwa za ta yanke shawara a kan ɗanta bisa abin da kuka faɗa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.