Maƙeran da Ke Raya Jiragen Tururi

A gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York, a Ingila, akwai wani shuɗin kan jirgi mai suna Mallard, wanda aka zubar wa goshi domin ya riƙa tsaga iska. Injiniya Nigel Gresley ne ya tsara shi, aka ƙera shi a Doncaster a 1938. Ranar 3 ga Yulin shekarar, direba Joe Duddington ya kai shi gudun mil 126 a awa, mai hura wuta Tommy Bray na ta antaya wa jirgin kwal da shebur. Har yau babu jirgin tururin da ya kamo shi.

Guda 35 aka ƙera irinsa, amma shida kaɗai suka rage, biyu daga ciki a Amurka da Kanada. Mallard ya bar aiki a 1963. Da ba don maƙera da makanikai ba, da tuni tsatsa ta cinye sauran.

Aikin nan na masu haƙuri ne. Ba a tayar da jirgin tururi da makulli. Wuta ake hurawa a hankali, a ɗauki awoyi tukunyar na ɗumama, don zafin gaggawa yana tsaga ƙarfe. Maƙerin tukunya kan kutsa cikin murhun bayan ya huce, ya bi ƙusoshin da ke riƙe bangonsa ɗaya bayan ɗaya da guduma. Kunnensa ne ma'auninsa: ƙarar lafiyayyar ƙusa daban, ta karyayya daban. Duk bayan shekara goma sai an sauke tukunyar an yi mata garambawul. Kayan gyaran kuwa babu su a kasuwa, sai a buɗe tsoffin zane-zane, a narka ƙarfe, a ƙera sabo.

Haka aka yi wa ɗan'uwan Mallard, mai sunan Gresley kansa. An fara kwance shi a 2015, bai koma kan dogo ba sai 2022, kuma da yawa cikin ma'aikatan 'yan sa kai ne, ladarsu jin usur ɗinsa.

Waɗanda suka koyi aikin a zamanin tururi sun tsufa, suna ta ƙarewa. Ƙarfe yana jure ajiya, amma sana'a sai a hannun mai rai take zama. Duk mai son jikokinsa su ga jirgin tururi yana tafiya, to ya tura matasa su tsuguna gaban dattawan nan tun suna raye.