Albashi ko alawus? Abin da takardar albashinka ke faɗa game da tsufanka

Ma'aikata da yawa a zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo, ba sa duba komai a takardar albashi sai layin ƙarshe, wato abin da ya shiga hannu. Alhali kuwa a layukan sama ne mai aiki yake yanke yadda za ka rayu bayan shekara 60.

Tun watan Janairun 2010 Ghana ke aiki da dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, wadda ta kasa tanadin tsufa hawa uku. Ana cire kashi 5.5 cikin 100 daga tushen albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 13, jimla 18.5. Mu ce tushen albashinka sidi 1,000 ne. Kai ka ba da 55, shi ya ba da 130. Daga cikin 185 ɗin nan, 135 za su tafi SSNIT, ita kuma ta miƙa 25 ga inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS. Ragowar 50 su ne hawa na biyu, kamfanoni masu zaman kansu ke juya su, a dunƙule ake biyanka ranar ritaya.

To, kalmar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce "tushen albashi". A kansa ake lissafin nan, ban da alawus. Nan wasu masu aiki ke yin dabara. Za a ce an ɗauke ka a kan sidi 2,000, amma a takarda tushe 800 ne, sauran 1,200 kuɗin mota, kuɗin haya, kuɗin kaza da kaza. Maimakon ya biya 260 a wata, sai ya biya 104. Kai ma ka ga an cire maka kaɗan, ka yi murna. Amma SSNIT tana lissafa fansho ne daga matsakaicin albashin shekaru uku mafi tsoka da aka biya gudummawa a kai. Wanda ya cika watanni 180, wato shekara 15, yana samun kashi 37.5, kuma yana ƙaruwa da shekarun aiki har ya tsaya a kashi 60. Kashi 37.5 na 800 sidi 300 ne. Na 2,000 kuwa 750 ne. Kowane wata, har ƙarshen rai.

Ni malamin gwamnati ne, namu ana cirewa tun kafin albashi ya iso. Abokan karatuna a kwalejin horon malamai da suka faɗa makarantun kuɗi, su ne abin tausayi. Akwai wanda ya koyar shekara shida ana zare masa kashinsa duk wata, da ya je ofishin SSNIT neman bayanin asusunsa sai ya tarar watanni kaɗan aka taɓa zubawa. Mai makarantar kuwa a sahu ɗaya suke salla, shi ya sa bakinsa ya yi nauyi. Wannan kunya tana cinmu ƙwarai. Doka ta ba mai aiki kwana 14 bayan ƙarewar wata ya kai kuɗin, in ya makara akwai tarar kashi 3 a kowane wata. Tambayar haƙƙinka ba rashin kunya ba ne.

Hawa na uku na ganin dama ne, kuma a nan ake gane mai aikin kirki. Wasu kamfanoni da bankuna sukan buɗe asusun tanadi: ma'aikaci ya sa, su ma su sa. Ana yafe haraji a kan abin da aka zuba har zuwa kashi 16.5. Mu malamai muna da asusun da ƙungiyar GNAT ta kafa, inda ake tarawa kuma ake karɓar bashi. Na san wasu 'yan'uwa na ja da baya saboda batun riba, tunda akasarin kuɗin fansho bashi ake ba gwamnati da su. Damuwa ce ta gaske, kuma ya kamata malamanmu su zauna da masu kula da asusun a yi maganar a fili, maimakon kowa ya yi ta ƙunƙuni a gida.

Ta fannin lafiya, mai biyan SSNIT ba ya biyan kuɗin inshorar shekara na NHIS, sai ɗan kuɗin rajista ko sabuntawa. Amma duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san sau nawa ake cewa je ka sayo magani a waje. Saboda haka manyan ma'aikatu kan ƙara inshora ta kamfani, wani lokaci har da mata da 'ya'ya. A tambaya tun ranar ɗaukar aiki: mutum nawa ta ɗauka? Mai iyali babba ya san dalilin tambayar. Dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ba mai jego hutun aƙalla mako 12 da cikakken albashi, ta ba kowa aƙalla kwana 15 na aiki a matsayin hutun shekara.

Direban trotro, tela da mai sayar da waakye su ma ƙofa a buɗe take, SSNIT na karɓar masu aikin kansu. Mai albashi kuwa ya ɗauki katin Ghana ya je a fitar masa da bayanin asusunsa, ya gwada shi da takardun albashinsa wata bayan wata. Yana can kuma ya duba sunayen da ya rubuta a matsayin masu karɓar haƙƙinsa in ya rasu, don da yawa tun suna samari suka cike takardar, kafin aure da haihuwa.