Fushi, Kuka da Kasala: Yadda Ciwon Tayiroyid Ke Taɓa Hali

A gidaje da yawa akwai matar da ake cewa ta canza. Da mai haƙuri ce, yanzu abu kaɗan sai ta hau faɗa, ko ta shige ɗaki ta yi ta kuka ba wanda ya taɓa ta. Uwar miji ta ce raini ne, kishiya ta ce iyayi ne, gwaggo kuma ta ce a kai ta ruƙiyya, iska ce ta shafe ta. Da wuya a samu mai cewa a je asibiti a auna jininta.

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayiroyid. Sinadarin da take fitarwa shi ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da aikin ƙwaƙwalwa. Maƙoƙon da muka sani a da, yawanci ƙarancin aidin ke kawo shi, kuma ya ragu tun da aka riƙa sa aidin a gishiri. Wanda ake magana a nan daban ne: garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tayiroyid ɗin. Mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba, kuma yakan bi jinin dangi.

Kala biyu aka fi sani. Na farko, ciwon Graves, wanda wani likitan Ailan mai suna Robert Graves ya bayyana a 1835, tunzura tsokar yake yi ta fitar da sinadari fiye da kima. Mai shi zuciyarsa na dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi ko a sanyin hunturu, yana ci yana ramewa, barci ya ƙaurace, wani ma idanunsa su firfito. Ga saurin fushi da fargaba marar dalili. Na biyu, ciwon Hashimoto, wanda Hakaru Hashimoto na Japan ya bayyana a 1912, cinye tsokar yake yi a hankali har sinadarin ya yi ƙaranci. Sai kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, zubewar gashi, mantuwa, da baƙin cikin da ba a san mafarinsa ba. Irin wannan ce ake yi wa gorin lalaci.

Masu jego su ma a lura da su. Cikin shekarar farko bayan haihuwa tayiroyid na iya kumbura, sinadarin ya hau na ɗan lokaci, sannan ya faɗi. Sai a ga mai jego wannan watan kamar ta ci babu, wata biyu gaba kuma ko wankan jariri ya gagare ta. Kowa ya ce gajiyar raino ce. Wani lokacin ita ce, wani lokacin kuma gwajin jini da ake kira TSH ne kaɗai zai raba gardama, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Inda mutane suka fi karaya shi ne bayan an fara magani. Ƙwayar da ake ba masu ƙarancin sinadari, levothyroxine, ba ta aiki irin na fanadol. Takan ɗauki makonni kafin ta zauna a jiki, shi ya sa likita ke jiran mako 6 zuwa 8 kafin ya sake awo ya gyara adadin. A tsakanin nan hali na iya hawa da sauka. Idan adadin ya yi yawa, fargaba da rashin barci su zo. Idan ya yi kaɗan, kasalar na nan. Kada ki ƙara ko ki rage da kanki, kada kuma ki daina don kin ji sauƙi, domin yawancin masu Hashimoto har ƙarshen rayuwa suke sha. A sha ta da ruwa kawai, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi suna hana ta shiga jiki, a raba su da ita da kamar awa 4. Awara da madarar waken suya ma suna rage mata ƙarfi. Kafin azumi a tambayi likita lokacin da ya dace a mayar da ita.

Akwai abin da zai taimaka da ba ya cin ko sisi: ɗan littafi. Kullum ki rubuta yadda kika yi barci, yadda ranki yake, da ko kin sha magani. Ranar ganin likita, maimakon "jikin dai ga shi nan", kina da abin nunawa. Littafin zai kuma nuna miki cewa munanan ranakun suna wucewa. Idan fushi ya taso, ki tashi daga wurin kafin baki ya furta abin da zai kai ga yaji ko saki. Ki samu mutum ɗaya a gida, miji ko 'yar'uwa, ki yi masa bayanin ciwon tun ranki na kwance. Maigida kuwa ya sani cewa "ki yi haƙuri mana" ba ya daidaita sinadari. Raka ta asibiti da ɗauke mata wani aikin sun fi amfani. Addu'a da magani ba sa karo, amma kada ɗaya ya sa a ajiye ɗaya.

Sai dai kada a ɗora wa tayiroyid komai. Wasu awonsu ya daidaita amma baƙin cikin bai tafi ba. Idan ya wuce mako biyu yana hana ci, barci ko aiki, a faɗa wa likita ƙarara, don ciwon damuwa yana da nasa maganin, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Haka mai ciwon Graves da zazzaɓi mai zafi ya rufe, zuciya na gudu, hankali ya gushe. Mai shan carbimazole kuma, ƙwayar da ake ba masu ciwon Graves, da zarar ya ji ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ko gyambon baki, ya dakatar da ƙwayar ya je a auna jininsa nan take, domin takan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.