Tantance Ƙaramin Ɗan Kwangila Kafin a Biya Shi: Tsarin Harajin Gine-gine a Birtaniya

Ma'aikacin gwamnati ba ya wahalar da mai karɓar haraji, gama tun kafin albashi ya iso hannunsa an riga an cire abin da hukuma ke bi. Sha'anin gini kuwa dabam yake. Birkila ko kafinta yakan yi wata biyu a wannan wuri, ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, ya ƙara gaba, in an neme shi a rasa inda ya nufa. Wannan ne ya sa majalisar Birtaniya ta yi doka a 1971, wadda ta ɗora wa babban ɗan kwangila nauyin cire haraji daga kuɗin ƙananan 'yan kwangilar da ya ba aiki. An yi ta gyaran dokar. Da fari takardar shaida ake nunawa, a 1999 aka kawo kati, sa'an nan a watan Afrilu na 2007 aka soma tsarin da ake bi yanzu, inda hukumar haraji da kanta ake tambaya.

Kafin babban ɗan kwangila ya biya sabon mutum ko sisi, lalle ne ya aika wa hukuma da sunansa, da lambarsa ta haraji, da lambar inshorarsa ta ƙasa, ko lambar rajista in kamfani ne. Tun daga 2017 ta intanet ake yin wannan. Amsa ɗaya ce cikin uku: a cire kashi 20 cikin ɗari in mutumin ya yi rajista, a cire kashi 30 in bai yi ba ko ba a gano shi cikin littafin hukuma ba, ko kuwa a biya shi cif ba a taɓa kome ba. Wanda aka riga aka sa sunansa cikin rahoton bana ko na shekaru biyun haraji da suka wuce, ba sai an sake tantance shi ba.

Ba daga dukan kuɗin ake cirewa ba, daga ladan aiki ne kaɗai. A ce magini ya kawo lissafin fam 10,000, fam 4,000 daga ciki kuɗin siminti ne da katako da ya saya da aljihunsa. Sauran fam 6,000 ne haraji ke hawa. In yana da rajista a riƙe fam 1,200, in ba shi da ita a riƙe fam 1,800. Wani lokaci kuskuren rubuta suna ko lamba ɗaya ya isa ya jefa mutum cikin kashi 30, alhali kuwa ya yi rajistarsa daidai. Gaskiya ne kuɗin bai ɓata ba, ana lissafa masa shi cikin harajinsa na shekara, a mayar masa da rara. Amma mai biyan lebura kowane mako ya san cewa kuɗin da zai dawo baɗi ba ya sayen bulo yau.

Saboda haka ne kowa ke neman matsayi na uku, wato a biya shi ba ragi. Ba a ba da shi sai ga wanda harkarsa ke bi ta banki, wanda cinikinsa na shekara ya kai fam 30,000 ban da kuɗin kaya in shi kaɗai ne, wanda kuma ya saba biyan harajinsa a kan lokaci. Daga Afrilu na 2024 an ƙara da duba yadda yake biyan harajin VAT. Hukuma tana iya janye matsayin in mutum ya yi sakaci.

Shi babban ɗan kwangila, doka ta mai da shi mai karɓar haraji ba tare da albashi ba, kuma ba ta sassauta masa. Watan haraji yana ƙarewa ran 5, rahoto ya isa hukuma kafin 19 ga wata ya wuce, in ya makara tarar fam 100 ce farkon abin da zai gani. In kuwa ya biya mutum cif bisa ga maganar baki, daga baya ta bayyana cewa kamata ya yi a cire, to shi hukuma za ta bi bashin, ba wanda ya karɓi kuɗin ya tafi ba. Mai gida da ya ɗauki magini don gyaran gidan kansa ba ya cikin wannan doka.