Silikon Kabaid: Yadda Ake Gasa Dangin Roba Ya Koma Tangaran Mai Taurin Gaske

Idan ka bi ta Ƙofar Dundaye ka nufi fadamar Kogin Rima, za ka ji ƙarar injinan ban ruwa. A cikin famfo mai inganci akwai wani ɗan zobe da ke hana ruwa yoyo, kuma yashi na gurzar sa dare da rana. Sau da yawa da silikon kabaid ake yin sa, wato haɗin silikon da kabon, wanda taurinsa ya kusa na daimon.

Edward Acheson ne ya gano hanyar haɗa shi da yawa a Amurka a 1891. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa kamar ƙarfe balle a zuba shi a mazubi; idan zafi ya yi yawa sai ya wargaje. To ta yaya ake ba shi siffa?

A 1975 Seishi Yajima na Jami'ar Tohoku a Japan ya nuna wata hanya: a fara da polima mai suna polikabosilen, dangin roba da ke ɗauke da silikon da kabon. Tun yana da laushi ake siffanta shi, sannan a gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,000 cikin iskar agon, ba tare da iskar oksijin ba. Haidirojin da mitan su fice, tangaran ya rage.

Sai dai iskar da ta fice tana barin ƙananan ramuka, abin kuma ya tsuke. Tangaran mai ramuka kuwa tulu ne, ƙaramin bugu ya isa ya tsage shi. Shi ya sa ake sake gasa shi a kusan digiri 2,000, har ƙwayoyin su manne da juna, ramukan su toshe. Ɗan boron da kabon da ake ƙarawa, dabarar Svante Prochazka na kamfanin General Electric, su ke taimaka wa ƙwayoyin haɗewa. Da irin wannan gashin aka yi madubin na'urar hangen sararin samaniya ta Herschel, mai faɗin mita 3.5, da aka harba a 2009.

Kada ka rikita shi da silikon kabaid da ke cikin wasu inbatocin sola da motar Tesla Model 3. Wancan ƙirista ce guda ɗaya da ake rainawa daga tururi, ba garin da aka gasa ba. Cajar wayarka mai saurin caji kuma, idan an rubuta GaN a jikinta, galiyom naitiraid ne, wani sinadarin daban.