Sa Sabon Faifai a Injin Zarto Ba Tare da Rauni Ba

 Tun da aka gama gina dam na Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, manoman wannan yanki sun saba da inji. Daga Goronyo zuwa Wurno da Rabah, da wuya a sami matashin da bai iya tayar da injin ban ruwa ba. Yanzu kuwa wasu ƙungiyoyinmu sun haɗa kuɗi sun sayi injin zarto, domin yin ƙofofi, da bencin ɗakin sujada, da gyaran amalanke. Wannan ci gaba ne, mun gode wa Ubangiji. Amma zarto ba kamar famfon ruwa yake ba, gama kuskure ɗaya ya isa ya raba mutum da yatsunsa.

Kwanan baya a Magarya mun ga wani saurayi yana canja faifai, ya kashe makunni kawai, waya tana haɗe da janareto. Ɗan'uwansa ya zo zai tayar da janareto don ya yi cajin waya. Allah ya kiyaye, muka tsai da shi. Wannan ne ya sa muka rubuta muku.

Ku san abin da kuke riƙe da shi. Faifan zarton hannu mai faɗin milimita 184 yakan juya wajen sau 5,000 a minti ɗaya. Haƙoransa suna gudun fiye da kilomita 170 a awa, wato sun fi kowace motar da ke bin hanyar Sakkwato gudu. Idan haƙori ya ɓalle, ko noti ya kwance, ba wanda ya isa ya kauce.

Kafin ku sayi faifai

Ku tafi kasuwa da tsohon faifan a hannu, ku gwada abu uku. Na fari, faɗinsa ya zama daidai da na tsohon, domin wanda ya fi girma ba zai shiga cikin murfi ba. Na biyu, ramin tsakiya. Akwai mai milimita 16, da 20, da 30. Idan ramin ya fi sandar inji faɗi, faifai zai riƙa rawa. Kada a cike gibin da waya ko guntun gwangwani, akwai zoben da aka ƙera domin haka. Na uku, a jikin faifai an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti. Lalle wannan lamba ta kai ko ta fi wadda ke jikin inji.

Saboda haka kada ku taɓa sa faifan zarto a ƙaramin injin da masu walda ke yankan ƙarfe da shi. Wannan inji yakan juya wajen sau 11,000 a minti, murfinsa kuma ba a yi shi domin haƙora ba. Da zarar haƙori ya cije a katako, sai injin ya ƙwace daga hannu ya nufo mai shi.

Ku duba yawan haƙora kuma. Mai haƙora 24 ya dace da tsaga katako a tsaye, mai 40 zuwa 60 kuwa da yanka a gicciye.

Yadda za a sa shi

1. Ku zare fulogi, ku ajiye kansa inda idonku ke gani. Kashe makunni bai isa ba, ɗaukewar wuta ma ba ta isa ba, gama wuta ba ta sallama in za ta dawo. Idan mai batir ne, ku cire batirin.

2. Ku jira faifai ya tsaya da kansa ya huce. Ku sa safar hannu yayin riƙe shi.

3. Ku danne maɓallin da ke kulle sanda. In babu shi, a tokare haƙora da guntun katako. Noti yana kwancewa ne ta wajen da faifai ke juyawa, shi ya sa a wasu injuna hagu ne, a wasu dama. Ku yi aiki da sufanar da ta zo da inji, ban da guduma.

4. Ku jera noti da ƙarafa biyun da ke matse faifai yadda kuka cire su. Ku goge su sarai. Ƙurar hunturu da garin katako, in sun maƙale a tsakani, sukan sa faifai ya zauna a karkace.

5. Ku duba sabon faifan a haske. Mai tsaga, ko lanƙwasasshe, ko mai giɓi, a mayar wa mai shi. Ba a yi wa faifai walda.

6. Kibiyar da ke jikin faifai ta bi kibiyar da ke jikin murfi. A zarton tebur, haƙoran sama suna fuskantar mai aiki.

7. Ku ɗaure noti tam, amma kada ku ƙara wa sufana bututu.

8. Ku juya faifai da hannu, ku tabbata bai goga ko'ina ba, murfi kuma yana komawa da kansa. A zarton tebur, ƙarfen da ke bayan faifai yana hana katako matse shi ya komo wa mutum. A mayar da shi, tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita 8.

9. Sa'an nan ku cire sufana da safar hannu, ku sa tabarau, ku tsaya a gefe, ku kunna inji ya yi minti ɗaya ba katako. In kun ji rawa ko baƙuwar ƙara, ku kashe, ku zare fulogi, ku sake dubawa.

Ba a aikin zarto da babbar riga ko rawani mai jela. Yara kuma su nisanci rumfar.

Idan rauni ya auku

A danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a tafi asibiti nan da nan. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. In yatsa ya fita, a naɗe shi cikin tsumma mai laima, a ɗaure a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara a tafi da shi. A tambayi allurar tetanus.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, a zaɓi mutum biyu, su kaɗai ne za su riƙa canja faifai, su kuma koya wa na baya. A karanta wannan takarda a taro na gaba saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Faifai kuɗi ke sayensa, amma hannun da ke riƙe fartanya ya ciyar da gida kyautar Allah ce, ba a sayar da shi a kasuwar Wurno. Ubangiji ya kiyaye mu, ya albarkaci aikin hannuwanmu.