Hatimin Rogo da Darasin Zane a Zongo

A nan Zongon Kwatano yaranmu sun san tawada tun daga allo, amma a makarantar boko darasin zane bai wuce kwaikwayon abin da malam ya zana ba. Mukan ce babu kayan aiki. To, ga rogo jibge a kasuwar Dantokpa. A yanka shi, a sassaƙa harafi a juye, a shafa tawada, a danna bisa takarda. Sassaƙa ɗaya, bugu ashirin. Da fasahar bugun zane Bruce Onobrakpeya ya yi suna, shi da ya yi karatu a Zariya, inda suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Yaron da ya iya wannan ya kama hanyar sana'ar hatimi da ɗab'i. Malamai 'yan'uwa, mu gwada.